Littafin Awo

Shekara goma sha biyar ke nan
nake auna jikokin Ige biyu
a rumfata ta bakin kasuwar Tawa,
da igiyar awon nan da lambobinta suka koɗe.

Gida ɗaya aka haife su, mako ɗaya,
ɗan wa da ɗiyar ƙane.
A shafin farko layi guda na ja musu:
Sahabi da Kuluwa, kafaɗa ɗaya, tsawo ɗaya,
yadi guda ya ishe su har da ragowa.
Wata rana suka yi musanyar riga a bayan kekena,
kakar ma sai da ta duba hujin kunne.

Suna shekara huɗu
Sahabi ya roƙi ƙyalle, ya goya takalmin Ige,
yana jijjiga shi, yana cewa yi shiru.
Wani ɗan kabu-kabu ya tuntsire da dariya:
kai, namiji da goyo?
Yaron ya dube shi, ya dube ni.
Ni kuwa allura ce a bakina.
Ya kwance ƙyallen a hankali,
takalmin ya faɗi ƙasa.

A shafi na bakwai na raba musu layi.
Shekarar ce Kuluwa ta kayar da shi
a rairayin bakin Babaye, har sau biyu,
aka kira ta gida, aka ce kokowa ba ta mata ba ce.
Ta zo ta tsaya kaina, kallabi a karkace:
Baba Tela, don me rigarsa ke da aljihu
tawa babu?
Na tsufa a kan keke,
ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya.
Na ɗinka mata ɗaya daga ciki, inda ido ba ya kai.
Ta zuba marafan kwalba, da guntun alli,
da dalar da ta tsinta a hanyar lakwal.

Daga nan shafuka suka yi ta nisa da juna.
Shi yana zuwa da ƙurar balo a ƙafa,
ita da gammo a ka, da ƙanwa a baya.
In sun haɗu a bakin rumfa
sai su gaisa kamar maƙwabta.

Bara waccan ta daina tsayawa a gaban igiyata.
Tsohuwar riga take aikowa a leda:
a ƙara yatsa uku.
Na gane, ban tambaya ba.
Shi kuma murya ta fashe masa
kamar zakaran da ke koyon cara,
yana nuna mini wando a cikin salula,
yana shafa gemun da bai fito ba.

Ran da Ige ta cika,
mata na kuka a cikin gida,
aka ce masa ya daure, ya zama namiji.
Ya daure har maƙabarta, ya daure har la'asar.
Da magariba sai ga shi,
ya shige bayan labule, cikin tarin yaduka.
Na hau keke na yi ta takawa,
babu ko zare a allura,
don kada kasuwa ta ji.

Wani sa'in nakan buɗe littafin da dare.
Allah ne ya faɗaɗa kafaɗa, ya sauya murya,
wannan ba hannuna.
Amma sauran fa?
Wa ya yanke, wa ya rage, wa ya ce nan ne iyaka?
Ina jin da almakashina a ciki.

Jiya ledar Kuluwa ta iso, ɗinkin salla.
Sahabi ne ya kawo, yana kallon gefe.
A bakin atamfar an maƙala ƴar takarda,
rubutun bik, kalma biyu:
da aljihu.

Ya ce, Baba, ta ce a yi shi daga waje.